Albarushin da Ba Ya Hayaƙi

A ƙarshen damina, lokacin da dawa ta yi kai kuma ciyawa ta isa ta ɓoye mutum a tsaye, wani saurayi ɗan sa-kai ya dawo Sunke daga kasuwa da ƙullin leda a aljihunsa. Bai tsaya a ɗakinsa ba. Kai tsaye ya nufi zauren wan mahaifinsa, tsohon maharbi da ya haura shekara sittin, wanda a hannunsa ya koyi riƙon bindiga. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya kwance ƙullin a kan tabarma. A ciki akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu launin toka-toka, sumul, kowace daidai da 'yar'uwarta, ba kamar baƙin albarushin da aka saba da shi ba mai ɓata hannu.

"Baba, ga abin da na samo," in ji saurayin. "Mai shi ya ce daga harsasan zamani aka zazzage shi. Ba ya hayaƙi, kuma ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba."

Tsohon ya ɗebi kaɗan, ya murza tsakanin yatsunsa, ya shinshina. "Wa ya faɗa maka awonsa, ɗana?"

"Ya ce yadda muke auna namu."

Tsohon bai ce komai ba. Ya ƙulle ledar, ya tura ta ƙarƙashin buzunsa, ya ce a bar maganar sai gobe.

Abin da ya sa hayaƙi ya zama matsala

Wanda bai san yammacin Zamfara ba zai iya ɗaukar saurayin a matsayin mai son burga. Lamarin ya wuce haka. Sunke ƙauye ne a ƙaramar hukumar Anka, cikin yankin da 'yan bindiga suka addaba fiye da shekara goma. A farkon Janairun 2022 an kai hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce adadin ya kai kusan 200. A watan Yunin wannan shekarar gwamnatin Bello Matawalle ta shawarci jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu, ta kuma ce za ta raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19 na jihar, amma 'yan sanda suka ce ba a ɗage takunkumin bayar da lasisi ba. A ƙarshen Janairun 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum sama da 2,600. Duk da haka, a ƙauyuka da yawa, wanda ke kwana a bakin gari shi ne manomin da ya yini a gona, kuma abin da ke hannunsa bindigar toka ce.

Bahaushe ya riga ya raɗa wa wannan bindiga sunan da ya dace da ita: harba-ka-ruga. Harbi ɗaya take yi. Kafin a sake zuba albarushi ta baki, a danna tsumma, a zuba harsashi, a sake dannawa, an ci lokacin da mai AK-47 zai iya ƙarar da harsashi 30 ya sa wasu. Sannan ga farin hayaƙin da ke tashi ya tsaya a sama, yana nuna wa abokin gaba daidai inda maharbin ya laɓe. Saurayin ya taɓa ganin abin da wannan hayaƙi ya jawo wa abokinsa. Don haka da aka ce masa ga albarushi marar hayaƙi, abin da ya ji a ransa shi ne ƙarin kwana.

Albarushin gado

Baƙin albarushi tsohon abu ne. A ƙasar Sin aka fara haɗa shi wajen ƙarni na 9, daga abubuwa uku: gawayi, farar wuta, da wani farin gishiri da masana ke kira fotasiyam naitiret. Sunansa na Hausa daga Larabci ya zo, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna ɗaya daga hanyoyin da ya biyo. A ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya samu 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, a matsayin na farko da ya kafa dogarai masu bindiga. Daga kudu kuma, 'yan kasuwar Turai sun riƙa sauke dogayen bindigogi a gaɓar teku, har Turawan Ingila suka riƙa kiran irin wannan bindiga da sunan mutanen Denmak, waɗanda ke da sansanin ciniki a inda birnin Accra yake yau. Amma ko a zamanin Daular Usmaniyya bindiga ba ta yawaita ba. Lokacin da Bature Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙi da Gobirawa a 1826, cikin dubban mayaƙa bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba.

Abin da ya sa wannan albarushi ya zauna da maharban karkara shi ne halinsa. Yana da haƙuri. Fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska idan ya ƙone, sai dai toka da hayaƙi, shi ya sa ake ce wa bindigar ta toka. Saurin ƙonewarsa kuma ba ya hauhawa sosai don an matse shi a cikin bututu. Saboda haka ana iya auna shi da ido, da ƙaho, ko da yatsa. Tsohon maharbin Sunke yana sanin ɗurinsa ya yi daidai ne ta hanyar duba yatsu nawa sandar ɗuri ta rage a waje. In ya ɗan zarce, bindiga ta doke shi a kafaɗa ta ja masa kunne. Wannan ba ya nufin baƙin albarushi ba ya fasa bindiga. Yana fasawa, kuma kusan kowane ƙauyen maharba yana da mai guntun yatsu da zai ba da shaida. Sai dai tazarar da ke tsakanin awon daidai da awon halaka tana da faɗi, har maƙerin ƙauye ya iya ƙera bindiga daga bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota ta yi shekaru tana aiki.

Abin da ya canza a 1884

A shekarar 1884 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Paul Vieille, ya samar da albarushi na farko marar hayaƙi da za a iya dogara da shi, daga audugar da aka jiƙa da ruwan sinadari mai ƙuna. Bayan shekara biyu sojojin Faransa suka karɓi bindigar Lebel da aka ƙera dominsa. Alfred Nobel ya fitar da nasa a 1887, Ingila ta biyo baya da nata a 1889. Sabon albarushin kusan gaba ɗayansa yake zama iska, kuma ƙarfinsa ya kai kusan ninki uku na baƙin idan nauyinsu ɗaya.

Turawa sun san darajar wannan bambanci. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 sun taƙaita shigar da bindigogin zamani zuwa mafi yawan Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogi da baƙin albarushi. Sakamakon ya bayyana a Kano a Fabrairun 1903, a Sakkwato a watan Maris, da Burmi a watan Yuli. Tazarar da ke tsakanin ɗan sa-kai da ɗan bindiga a dajin Zamfara yau, jikar wannan tazarar ce.

Sai dai sabon albarushin ya zo da sharaɗi. Saurin ƙonewarsa ya dogara ne ga matsin da yake ciki: yadda matsi ke ƙaruwa haka yake ƙara saurin ci, yadda yake ƙara saurin ci haka matsin ke ƙaruwa. A cikin bindigar da aka ƙera da ƙarfen da aka tanada dominsa, wannan hali shi ne amfaninsa. A cikin bututun da aka yi don ɗaukar ruwan famfo, wannan hali shi ne ajalin mai riƙe da ita.

Yadda masu abin suke gwada shi

A Amurka akwai mutane da yawa da ke ɗura harsasansu da hannu a gida, kuma doka ta yarda. Suna tattara kwanson harsashin da aka harba, su tsabtace shi, su sa sabon maɓallin tayar da wuta a gindinsa, su zuba albarushi, su danna dalma a baki. Masu libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai gangar da ke juyawa, suna cikin waɗanda suka fi yin haka, domin libarba ba ta watsar da kwanso idan an harba. Idan irin wannan mutum ya ce zai gwada sabon albarushi, akwai matakan da ba ya tsallakewa.

Da farko, ya san sunan abin da ke hannunsa. Albarushi marar hayaƙi iri-iri ne, wani na saurin ci don ƙananan bindigogi, wani na jinkiri don dogaye, kuma ido ba ya iya rarrabe su da tabbaci. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce, albarushin da ba ya cikin gwangwaninsa na asali ba a amfani da shi. Na biyu, yana da littafin awo wanda kamfanin da ya yi albarushin ya fitar bayan gwaji da na'urar auna matsi. Na uku, ba ya awo da ido. Yana da sikelin da ke auna nauyin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba. Na huɗu, yana farawa daga ƙasa da iyakar da littafin ya nuna, ya harba kaɗan, ya duba kwanson ko ya nuna alamar wahala, kafin ya ƙara ko da ƙwaya.

Bayan wannan mutum kuma akwai hukumomi. Tun 1926 masu ƙera makamai a Amurka suke da ƙungiyar SAAMI da ke ƙayyade iyakar matsin kowane harsashi. Na .38 Special, wanda aka fito da shi a 1898, iyakarsa fam 17,000 ne a kan kowane murabba'in inci, na.357 Magnum, wanda ya shiga kasuwa a 1935, fam 35,000. Kaurinsu ɗaya, don haka aka ƙara wa kwanson na biyun tsawo da gangan, don kada ya shiga bindigar da ba za ta iya ɗaukarsa ba. A Ingila, tun 1813 akwai gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake harba bindiga da ɗurin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, a buga mata hatimi idan ta tsira, kafin a sayar da ita.

Duk da wannan tanadi, libarba na fashewa a hannun masu ita. Kwanson .38 Special an yi shi ne tun zamanin baƙin albarushi, yana da zurfi, sabon albarushi kuwa kaɗan yake cika a ciki. Mutum na iya shagala ya zuba sau biyu bai lura ba. Idan haka na faruwa ga mai sikeli da littafi, mai karatu zai iya kwatanta matsayin saurayin da aka ba ƙulli a leda, ba suna, ba awo, aka ce ya zuba yadda ya saba.

Gwajin da ya ba da amsar ƙarya

Da safe tsohon ya yi abin da mahaifinsa ya koya masa. Ya fita bayan gida, ya zuba ɗan baƙin albarushi a kan dutse, ya taɓa shi da garwashi a bakin kara. Nan take ya tashi fuu, ya bar baƙin tabo. A wurin maharba wannan ita ce alamar albarushi mai kyau: wanda ya tashi lokaci ɗaya ya bushe kuma ya haɗu, wanda ya tsaya yana tartsatsi ya sha danshi ko an cuce ka a ciniki. Sannan ya zuba sabon a gefe ya taɓa shi. Sai ya kama a hankali, yana ci da harshen wuta ruwan ɗorawa, kamar an kunna busasshiyar ciyawa.

Saurayin ya yi tsaki. "Ashe ma rago ne, Baba. Sai dai a ƙara masa yawa."

A nan haɗarin yake. Gwajin da ya yi wa maharba aiki shekaru aru-aru, a kan sabon albarushi amsar da yake bayarwa a juye take. A fili, inda babu matsi, albarushi marar hayaƙi yana ci a hankali, sai ya yi kama da marar ƙarfi. Mai bin ilimin gado da gaskiya zai kammala cewa a ƙara awo, alhali ko awon da aka saba ya riga ya wuce abin da bututun zai ɗauka. Ilimin tsohon ba ƙarya ba ne. An gina shi ne a kan wani abu dabam da wanda ke gabansa.

Tsohon bai san sunan Vieille ba, bai kuma taɓa jin labarin matsi ba. Abin da ya hana shi yarda da idonsa wani abu ne da ya faru a gidansa.

Wani garin da aka taɓa rainawa

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke bibiyar cutar sanƙarau a Zamfara, suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga. Maganin zazzaɓi bai yi musu aiki ba. Da aka gwada jininsu sai aka samu gubar dalma a matakin da ba a saba gani ba. Ƙauyukan sun haɗa da Dareta, Abare, Tungar Daji, Duza, Yargalma, Tungar Guru, Bagega, da Sunke. Yara sama da 400 suka rasu. A biyu daga ƙauyukan, binciken da aka yi gida-gida ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda.

Dalilin bai zo da siffar abin tsoro ba. Farashin zinariya ya tashi a duniya, maza suka riƙa kawo duwatsu daga ramuka zuwa cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a irin injin da ake niƙa hatsi, ana shanya garin a tsakar gida. Kayan aikin duk na gida ne, aikin ma irin wanda mata suka saba ne. Abin da ba a sani ba shi ne duwatsun na ɗauke da dalma mai yawa. A wasu wurare an auna sama da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasar da yara ke rarrafe, a lokacin da ma'aunin Amurka na wurin wasan yara yake 400. Tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011 aka kankare ƙasar gidajen Sunke aka zuba sabuwa.

Jikanyar tsohon tana cikin waɗanda aka binne a wannan shekarar. Tana da shekara biyu. Shi da kansa ya taya ɗansa ɗauko buhunan dutsen zuwa gida, domin a ganinsa dutse dutse ne, gari kuma gari ne. Tun daga lokacin ya daina narka dalmar harsashi a cikin gida, kuma ya daina yarda cewa abu ya zama sananne don kawai an zuba shi a sanannen mazubi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu; wani lokaci kuwa tsumman macijin ne.

A gindin tsamiya

Ya aika aka kira maƙerin da ke gyara masa bindiga. Maƙerin ya zo da wata tsohuwa da ya ƙera da hannunsa, mai ita ya rasu, magada suka bar ta a maƙera. Suka fita bayan gari su uku. Tsohon ya auna sabon albarushin daidai awon da yake yi wa baƙin, bai ƙara ba, ya ɗura, ya ɗaure bindigar a jikin tsamiya bakinta na kallon daji. Ya ɗaura doguwar igiya a kunama, suka koma bayan wata tsohuwar katanga, ya miƙa wa saurayin bakin igiyar.

"Ja, ɗana. Kai ka sayo shi."

Ƙarar ba irin wadda suka sani ba ce. Gajeriya ce, mai kaifi. Hayaƙi kuwa kusan babu, kamar yadda mai sayarwa ya yi alkawari. Da suka matsa, suka tarar bututun ya tsage daga gindi ya buɗe kamar ɓawon rake, katakon ya rabu biyu, wani guntun ƙarfe ya nutse a jikin tsamiyar. Tsohon ya kama hannun hagun saurayin ya ɗora a daidai inda tsagewar ta fi faɗi, wurin da mai harbi ke tallafe bindiga. Sannan ya nuna masa inda kunci ke kwanciya. Maƙerin ya tsuguna yana juya ƙarfen, ya ce shekara talatin yana wannan sana'a bai taɓa ganin aikinsa ya yi haka ba. Ragowar ƙullin suka watsa a rafi.

Abin da gwajin bai warware ba

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Libarba da fistol suna cikin waɗanda aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ta zamani na buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuwa tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Ƙera makami ba tare da izini ba laifi ne. A aikace, maƙeran karkara na ƙerawa, jami'an tsaro na kama wasu, sauran na ci gaba a ɓoye. Abin da ake yi a ɓoye kuwa ba shi da gidan gwaji, ba shi da hatimi, ba shi da littafin awo, kuma wanda ya ji rauni yakan guji asibiti don tsoron tambaya. Haka labarin bindigar da ta fashe a wani ƙauye ba ya isa ƙauye na gaba, sai mai ƙullin leda ya riga shi isa.

Ba kuma za a ce mafita ita ce a ba kowane ƙauye makami mafi ƙarfi ba. 'Yan sa-kai kansu an zarge su da kashe mutane ba tare da shari'a ba, musamman Fulani makiyaya, kuma wannan na cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya a Zamfara. Abin da ƙullin ledar ya nuna shi ne inda nauyin tsaro ya sauka: a kan manomin da ba shi da abin da zai daidaita tazarar shekara ɗari da arba'in sai jita-jitar kasuwa. A 2010 talauci ne ya shigo da baƙon gari cikin gidajen Sunke. Wannan karon tsoro ne ya kawo shi, kuma a duka biyun wanda ya fara cutuwa shi ne na cikin gida.

Da magariba saurayin ya zo zaure ɗaukar bindigarsa, domin daren nasa ne a bakin gari. Tsohon ya karɓe ta, ya ɗura mata baƙin albarushi da hannunsa, ya duba yatsun da sandar ta rage, ya miƙa masa.

"Baba, hayaƙin fa?"

"In ka harba, kada ka tsaya inda ka harba," in ji tsohon. "Allah ya tsare."

Saurayin ya ce amin, ya rataya bindigar, ya fita.